Tsakanin Bakwai da Takwas

Bahaushe bai sha wahala ba ranar da ya tashi raɗa wa fuskar kwamfuta suna. Ya dube ta, ya ga shafaffen abu ne mai kusurwa huɗu, rubutu yana bayyana a kansa, a karanta, a share, wani ya maye gurbinsa, sai ya ce allo. Sunan kuwa ya zauna daram, domin duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malam da allon itace a cinya ya san wannan aiki: a rubuta, a biya, a wanke, a jingine shi ya sha iska. Mu nan Abijan da bakinmu ya gauraya da Faransanci da Julanci mukan ce ekaran, masu gyara a Bilak ta Ajame kuma su ce dal. Amma in an dawo gida an zauna gaban dattawa, allo dai ake cewa.

Sai dai tsakanin allunan nan biyu akwai wani bambanci da ba kowa ke lura da shi ba. Allon itace ba ya yi wa marubuci iyaka. In ka fiƙe alƙalaminka ya yi tsini kamar allura, layin da za ka ja zai fito siriri kamar gashi, itacen ba zai ce ya gaza ba. Allon kwamfuta kuwa ƙidayayye ne. Abin da ido ke ɗauka shafe ɗaya ne, ashe taron ƙananan ɗigon haske ne da aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo da 'ya'ya uku a cikinsa, ja da kore da shuɗi, waɗanda ke haɗuwa su ba da kowane launi. Abin da ya fi ɗigo ɗaya ƙanƙanta, allon ba shi da wurin ajiye shi. Sai dai ya narka shi cikin maƙwabtansa.

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun mutanenmu daga Tireshbil zuwa Ajame, waɗanda aka gama ci da su a ofisoshin Turai kafin su iso mana da laƙabin Faransa-sai-wata-rana, ɗigo 1366 gare su a kwance, 768 a tsaye. In ka ninka, 1,049,088 ke nan. Wanda ke gaba da shi, da 'yan kasuwa ke kira cikakken HD, yana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla 2,073,600. Kusan ninki biyu, a fili guda. A kan allo mai inci 15.6 irin nawa, na farko yana ba ka ɗigo 100 a kowane inci, na biyu 141. Shekaru na yi ina buga wa 'yan kasuwa takardu da lissafin kaya a kan na farkon, ban taɓa jin ya rage ni da komai ba, in ban da lanƙwasar ƙ da ɗ da kan ɓace mini in rubutu ya yi ƙanana, har baƙi ya yi kama da baki.

Ajami ne ya kai ni ga sauya shi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin babu rubutun da ya jingina rayuwarsa a kan ɗigo kamar na Larabci da 'ya'yansa. Ba da ta da nun da ya, a farkon kalma, haƙori ɗaya ne dukansu. Ɗigo ɗaya a ƙasa, ba. Biyu a sama, ta. Ɗaya a sama, nun. Biyu a ƙasa, ya. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da can haruffan tsirara suke, sai a zamanin Hajjaju ɗan Yusufa, da Musulunci ya bazu cikin waɗanda ba Larabawa ba, aka ɗora wa Nasru ɗan Asimu da Yahaya ɗan Ya'amara aikin bambanta su da ɗigo. Mu kuma da muka gaji hannun Magariba da karatun Warshu, namu tsarin daban yake da na Gabas: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya tak a sama. Muka ƙara da babban ɗigon nan na ƙarƙashin harafi da ke ba mu wasalin e. Wanda ya yi kuskuren ɗigo a ajami zai iya mayar da bashi ya zama tashi.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutumin Maraɗi ne. Ya shigo Abijan yana saurayi, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana fataucin goro tsakanin Anyama da Ajame, yana ɗaure huhu yana turawa arewa. A Biyafara ya zauna, a nan aka haife mu manyan. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya ce shi ba za a binne shi a bakin ruwa ba, ya kwashi amaryarsa da ƙananan ƙannenmu da adakarsa ya koma gida. Can wa'adi ya same shi. Bayan sadakar arba'in, yayarmu da ke aure a Maraɗi ta buɗe adakar, ta sami wani kaye irin na 'yan lakwal, cike da ajami da bik shuɗi. Ita boko ta yi, ba ta karanta ajami, kuma ba ta yarda ta kai wa wani malamin unguwa ya ga asirin gidanmu ba. Aiko da shi kuwa ba ta ko saurari zancen ba, ganin yadda hanya ta zama a 'yan shekarun nan. Ta sa ɗanta ya ɗauki shafukan da waya ya turo mana.

A shafi na shida muka tarar da layin da ya tsayar da rabon gado wata huɗu. Baba ya rubuta cewa wani Alhaji, abokin cinikinsa na Ajame, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, yana bin sa goro huhu kaza. Bai taɓa rubuta adadi da lamba ba, yakan ce lamba ɗan yaro ma ya iya yi mata ciki ko wutsiya. Da kalma yake rubutawa. To kalmar nan ta faɗo a ƙarshen layi, daidai gefen hagu na takarda, inda damshin Abijan ya ci shekaru yana lasa. Harafin ƙarshe ya tafi. Abin da ya rage: haƙori ɗaya, sai kaf, sai wau.

Mai karatu ya rubuta kalmomin biyu da ajami ya gani. Bakwai: ba, kaf, wau, ya. Takwas: ta, kaf, wau, sin. Cikinsu ɗaya ne. In wutsiya ta tafi, babu abin da ya rage ya raba su sai ɗigon harafin farko. A hoton da muka samu kuwa akwai wani duhu-duhu a ƙarƙashin haƙorin, akwai kuma wani abu a samansa da ba ka iya cewa ga shi.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma an faɗa mini shi a bakin masallaci: a biya takwas mana a huta, huhu ɗaya me zai rage? Amma duk wanda ya san fiƙihun gado ya san ba a raba komai sai an fitar da bashi, haka Suratun Nisa'i ta jera, kuma ba a banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, zancen rubuta bashi take yi. Cikin magadanmu akwai marayu uku da ba su balaga ba, kuma babu mai ikon yin kyauta da dukiyar maraya, ko da ƙwayar goro ɗaya ce. Babban yayanmu, wanda ya karanta bakwai kuma ya tsaya a kai, ya nemi ya kashe maganar, ya ce a fitar da bakwai daga dukiya, shi zai cika na takwas daga rabonsa. Ɗan Alhajin, mai sayar da takalma ne a Ajame, mutum mai sanyin magana, ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, ni ba sadaka na zo nema ba. Innata ta ce ta ji takwas, amma ji ta yi. In bakwai ne, na takwas ɗin wuta ce za ka ba ni in kai wa ƙannena. In kuwa takwas ne, bai kamata a ce kyauta ka yi mana ba." Daga ranar gaisuwarsu da Yaya ta fara gajarta. Gidaje biyu da suka yi shekara arba'in suna aika wa juna kwanon abinci da azumi.

Mutum ɗaya duka ɓangarorin suka yarda da shi: Malam, aminin Baba, wanda ya haura tamanin, wanda ya san hannun Baba kamar yadda ya san nasa, domin shekaru suna musayar wasiƙa. An yi masa aikin yanar ido, yana gani da tabarau. Muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, mu huɗu, na ajiye kwamfuta a kan 'yar kujera.

A nan na fahimci cewa wanda ya ƙera irin wannan allo, mutum ɗaya ya yi wa, zaune a kan kujera, hancinsa daidai tsakiyar gilashi. Allunan araha na wancan zamani, waɗanda ake kira TN, haka halittarsu take: in ka dube su daga ƙasa sai su yi duhu har launuka su juye, in ka dube su daga sama sai su koɗe su yi fari fat. Malam yana kishingiɗe, shafin ya yi masa baƙi. Yaya yana tsaye a kanmu, shafin ya yi masa fari, duhun ƙasan nan kaɗai yake gani, shi ya sa ma ya ƙara sakankancewa. Ɗan Alhaji yana gefe, ya ce shi dai inuwar rumfa yake gani. Mutum huɗu, shafi huɗu. Mu kuwa ba al'adarmu ba ce mutum ya karanta takardar bashi shi kaɗai ya fito ya ba da labari. A gaban shaidu ake karanta ta, kowa ya sa ido.

Na ce to bari in ƙara girman wurin. Na ja hoton har haƙorin nan ya cika rabin allo. Malam ya ɗaga hannu. "Mayar mini da shi, ɗana. Ka kawo mini hanci, ina fuskar?" Ya ce ba a karanta hannun mutum da harafi ɗaya. Sai ya ga yadda Baba ya yi ba a layi na biyu, yadda ya yi ta a layi na tara, inda yake ajiye ɗigo in yana sauri, duk a kallo ɗaya, idonsa na kai da kawowa. In na matso da harafin, shafi ya ɓace. In na dawo da shafi, ɗigo ya narke.

Daga baya na zauna na yi lissafin abin da Malam ya gane ba tare da lissafi ba. Kaye irin wannan tsawonsa santimita 22 ne, faɗinsa 17. In ka sa shafin duka ya shiga allo mai ɗigo 768 a tsaye, kowace milimita ta takarda ɗigon haske uku da rabi take samu. Ɗigon bik kuwa kamar rabin milimita ne. Ke nan shaidar da gidaje biyu ke jira ba ta kai ɗigon haske biyu ba. Ga shi kuma takardar ba fara ba ce: layukan kayen Faransa ne, wanda duk ɗan da ya yi lakwal ya sani, layi mai kauri kowace milimita takwas, da sirara uku a tsakani, launinsu kusan ɗaya da na bik ɗin da ya koɗe. Na gwada talabijin ɗin gida, ashe shi ma, duk da faɗinsa na inci 32, ɗigonsa 1366 ne da 768, an dai kumbura su. Fotokofi kuwa ya mayar da komai baƙi, tawada da datti da layi.

Ranar wata Asabar na sa kwamfutar a jaka, na haye gada, na nufi Ajame.

Wanda bai san Bilak ba zai ɗauka kasuwar waya ce kawai, saboda samarin da ke tare ka tun daga bakin titi, kowa da waya uku a tafin hannu. Sai ka kutsa ciki, ka wuce masu caja da masu fatar waya, kafin ka iso layin da ake fiɗar kwamfuta. A can akwai rumfunan da faɗinsu bai fi tabarma biyu ba, an jera matattun injuna a kan kanta har rufi kamar littattafai a ɗakin malami, kowace da abin da za a ci daga jikinta. Wanda aka kwatanta mini saurayi ne, bai kai talatin ba, da Julanci da Faransanci muka yi magana, yana kirana koro, wato yaya. Na ce ina son dal mai ɗigo 1920. Bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Ya ce sai ya ga bayan nawa tukuna.

Ya fara da zare batir, ya ce wanda ya taɓa igiyar allo da wuta a jikin inji, yana iya kashe fitilar allon ko ya ƙona wani abu a uwar na'ura, aikin minti ashirin ya zama na mako. Sannan ya sa wani tsohon katin banki ya bi gefen firam ɗin roba yana ɓalle shi a hankali, ƙas, ƙas, ƙas. Sukurori huɗu, allon ya kwanto a kan madannai, rub da ciki. A bayansa akwai takardar da ke ɗauke da sunansa na gaskiya. A nan na ga abin da ban sani ba: sunan da ke kan murfin kwamfuta daban, wanda ya ƙera gilashin daban. Kamfanoni kaɗan ne a Koriya da Taiwan da Sin, irin su LG Display da AU Optronics da Innolux da BOE, ke yi wa kusan kowa. Shi ya sa allon da aka ciro daga wata kwamfuta yake iya zama a jikin wata da ba danginta ba, muddin abubuwa kaɗan sun dace.

Ya lissafa mini su yana nunawa da bakin sukudireba. Girma da kauri, da inda kunnuwan sukurori suke. Gefen da bakin igiya yake, domin igiyar gajera ce, ba ta tsallakawa. Sai babban, wato irin harshen da allo da uwar na'ura ke magana da shi. Tsofaffin injuna, na kafin wajen 2013, yawancinsu da wani tsari suke aiki mai suna LVDS, bakinsa haƙora 40. Na bayansu suka koma eDP, wanda galibi haƙora 30 gare shi. Ya ce a tsohon tsarin sauya allo zuwa mai ɗigo da yawa wahala ce, sau da yawa sai an canja igiya ko an ƙara wata 'yar na'ura a tsakani. Ya ce kuma akwai sabon tsari mai haƙora 40, wanda ido zai ce ɗaya ne da tsohon, alhali ba ɗaya ba ne, in ka haɗa su sai ka ji ƙauri. Ya ƙirga nawa: 30. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya leƙa cikin igiyar, ya ce hanyar saƙo ɗaya ta ishi ƙaramin allo, babba kuwa sai biyu, kuma akwai igiyoyin da ba a sa musu wayoyin hanya ta biyu ba. Tawa tana da su.

Ya hau kan benci ya sauko da wata kwamfuta da ruwa ya kashe, ya ciro allonta, irin wanda ake kira IPS. Kafin ya ɗaure shi ya jona ya kunna, ya cika shi da fari, sannan baƙi, sannan ja, kore, shuɗi, muna duba ko akwai mataccen ɗigo ko tabon haske a gefe. Ya ɗaga shi ya karkata sama, ƙasa, dama, hagu. Launin bai motsa ba. Ni a raina wannan ya fi mini yawan ɗigon ma.

Maƙwabcin rumfarsa ya leƙo yana zuga ni in nemi mai ɗigo 3840 da 2160, wanda ake kira 4K, wai shi ne na manya. Ra'ayina a kan wannan bai sauya ba har yau: a allon da bai kai inci goma sha shida ba, asarar kuɗi ce ga irinmu. Lafiyayyen ido, daga nisan kamu ɗaya da ɗan ɗori inda mutum kan zauna, iyakar abin da yake rarrabewa bai wuce ɗigo 150 zuwa 170 a inci ba. Abin da ya haura haka sosai batir kawai yake sha, ga shi igiyata ma ba za ta ɗauke shi ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Da muka gama ciniki, kuɗin ya tasam ma hayar ɗakina ta wata, ya ba ni gargaɗi biyu. Na farko, komai zai ƙanƙance, domin harafin da ke cin ɗigo goma a da, goman zai ci yanzu, su kuwa sun ƙara ƙanana. Sai in shiga saitin Windows in ɗaga girman rubutu zuwa kashi 125. Na biyu, ya buɗe hoton shafin ya dube shi, ya girgiza kai. "Koro, dal ba ya haifar abin da babu. Wannan hoton an matse shi a hanya." Ya bayyana mini cewa manhajojin hira sukan rage hoto kafin su tura shi don ya yi sauƙi, wayar da ta ɗauki ɗigo miliyan goma sha biyu sai ta iso maka da abin da bai kai rubu'insa ba. Ya ce a sake ɗauka da safe, a inuwa, ba filasha, takarda a shimfiɗe, a turo shi a matsayin fayil ba hoto ba. A cikin woro-woro, kafin mu sauka gada, na riga na kira Maraɗi.

Zama na biyu bayan la'asar aka yi shi, ranar Alhamis. Wannan karon na juya hoton, na tayar da kwamfutar a kan gefenta, ta tsaya kamar buɗaɗɗen littafi, allon ya yi tsaye yadda almajiri ke riƙe nasa. Da tsohon allo hakan ba ya yiwuwa, domin duhun nan na sama da ƙasa sai ya koma dama da hagu, har idonka biyu su saɓa wa juna. A tsaye, faɗin shafi ya sami ɗigo 1080, kowace milimita ta sami shida da ɗoriya maimakon uku da rabi. Shafin ya fito duka, daga bisimilla har gefen da damshi ya ci, kusan girmansa na asali.

Malam ya gyara tabarau. Bai dubi kalmar ba sam. Ya fara daga sama, yana bi da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa gilashin ba, leɓɓansa na motsi. Ya daɗe. Wani wuri ya yi murmushi, ya ce Baba har ya mutu bai daina cinye alif ba. Sannan ya kira Yaya da sunan da yake kiransa tun yana yaro, ya ce ya matso.

"Duba nan, tafiya. Duba nan, tara. Duba nan, Talata. Ina ɗigo biyun?"

Babu. A duk inda ta ta zo, Baba ba ya ɗaga bik sau biyu. Ɗan gajeren layi yake ja a kwance, ya haɗe ɗigon biyu, kamar yadda masu saurin hannu ke yi.

"To duba ba ɗinsa. Bashi. Biya. Buhu."

Ɗigo ɗaya, mai nauyi, an danna shi har ya yi ɗan rami, kuma kullum ya ɗan zarce harafin zuwa hagu.

Sai a lokacin ya sauko kan kalmar. Abin da ke ƙarƙashin haƙorin yana daidai tsakiya, bai zarce ba, kuma yanzu kowa na iya ganin launinsa: ba shuɗi ba ne, ƙasa-ƙasa ne, irinsa guda biyar ne warwatse a gefen shafin inda babu rubutu ko kaɗan. Kashin ƙuda. A sama kuwa, kwance daidai kan ɗaya daga siraran layukan kayen, inda ya ɓuya shekara da shekaru, ga ɗan gajeren layin nan, ya fi layin takardar duhu kaɗan, ya fi shi kauri kaɗan, tsawonsa bai fi milimita ɗaya ba. Malam ya ce yanzu in ƙara girman. Na ƙara. Har inda bakin bik ya fara da inda ya ɗaga ana gani.

Yaya ya duba daga tsaye, ya durƙusa ya duba, ya zagaya gefen ɗan Alhaji ya duba daga can. Ko'ina abu ɗaya ya gani. Ya miƙe ya ce, "Takwas ne." Ɗan Alhaji bai ce komai ba, ya sa hannu ya rufe fuskarsa, muka ba shi lokaci. Malam ya yi wa mamatan biyu addu'a, muka shafa.

Saura tambayar da ni na ɗauka za ta fi wuya, wato da farashin yaushe za a biya, na shekarar da aka rubuta ko na bana. Malam ya ce wanda ya ranci goro, goro zai mayar. Mako biyu bayan haka ni da Yaya muka tafi Anyama, wurin mutanen da har yanzu suke tuna Baba, aka ɗaure mana huhu takwas, muka sauke su a Ajame. Ɗan Alhaji ya kwance ɗaya a gabanmu, ya ɗebo ƙwarya guda, wato goro ɗari, ya ce a kai wa Malam. Sauran ya sayar ya raba wa magadan gidansu. An yi rabon namu kafin azumi, kwanon abincin kuma ya zo daren farko.

Kayen shafi ɗari ne, ba mu kai ko rabi ba. Malam ya mayar da Alhamis ranar karatunsa, tunda almajiransa na hutu, yakan zo bayan la'asar in tayar masa da allon a gefe, yana karantawa ina juyawa zuwa boko saboda yayarmu da ƙananan. Yawancin abin da muke tararwa yanzu sunayen waɗanda Baba ke bi ne, wasu an soke su da layi ɗaya, alamar sun biya, wasu kuma an rubuta na yafe a gefensu, da kwanan wata na Hijira. Uku ba a soke ba, ba a kuma yafe ba, Malam ya ce a bar su sai mun kai ƙarshe, kada a je ana tayar da mutane alhali amsar tana gaba. Alhamis mai zuwa shafi na talatin da biyu za mu shiga, wanda ruwa ya fi taɓawa. Na riga na aika wa yaron ya sake ɗaukarsa, da safe, a inuwa.